Gwangwanin Marafan Kwalba

Yau na kwashe ofis.
Masinja ya fita da littattafai kwali bakwai,
ya dawo ya ce, "Malama, gwangwanin madarar nan fa, a zubar?"
Na ce, ajiye shi, yaro,
shi ya ba ni kujerar da nake bari.

Marafan lemo ne ciki, arba'in ba biyu,
tsatsa ta cinye sunan kamfani.
Da su na zauna bisa tabarma a Tawa,
bayan wata lakwal ta unguwar Garkawa,
ina 'yar shekara ashirin da takwas,
da kaset, da littafi mai bango ja,
da tabbacin cewa na san abin da nake nema.

Na jera bakwai, na jera bakwai ƙarƙashinsu.
Bizo ya ce daidai suke.
Na baza na sama a gaban idonsa.
Ya ce, "Yanzu waɗannan sun fi."
Na ce, don me?
Ya ce, "Sun samu wurin miƙe ƙafa."

Tsahara kuwa mushe ya gama yanke mata hukunci:
biyar sau ashirin, da Faransanci,
sai ta dubi rufin kwano kamar amsar tana can.
Da marece na iske ta bakin tasha da faranti na yalo.
Na miƙa jika, na sayi na dala talatin da bakwai.
Kafin in rufe jaka canjina yana tafin hannuna,
ɗari da sittin da uku, ba ragi, ba ƙari,
har da gyara ɗaya don na yi mata murmushi.
Daren nan ban yi barci ba.
Wa ya faɗi jarrabawa, ita ko tambayar?

Sannan Yamai. Shekara talatin da ɗaya
ina ƙetare gada kowace safiya zuwa hayin jami'a,
alli a aljihu, alli a maƙogwaro,
ina koya wa manya ƙididdiga.
Nakan ce musu: matsakaicin yaro
ba shi da uwa, ba a yanka masa rago ba,
kada ku neme shi a aji, ba ya zuwa.
Su yi dariya, su rubuta,
su kuma manta ranar jarrabawa.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa musu ba.
Shafi na sittin da huɗu, littafi mai bango ja.
Ilu, shekara shida.
Na ce, ku nawa ne a ɗakinku?
Ya lanƙwasa yatsu a hankali, leɓe na motsi,
ya ce shida.
Uwarsa daga bakin murhu ta ce biyar ne.
Na sake tambaya. Shida.
Na rubuta: bai iya haɗa lamba da abu ba tukuna.
Ɗigonsa ya bar layi, ya ɓata mini zane,
na cire shi, kamar yadda aka koya mini.

Sai bayan da na rufe nawa ɗan da ƙasa,
wata safiya ina zuba koko,
na ga na jera kofi huɗu
a gidan da ya koma mutum uku.
Na zauna a ƙasa da ludayi a hannu.
Ilu. Ashe kai ka iya ƙirga.

Ban san inda yake ba yanzu.
Wataƙila yana auna albasa a Galmi,
wataƙila yana da 'ya'yan da yake ƙirgawa cikin duhu.

Kogi ya janye bana, tsibirai sun fito.
Na rungumi gwangwani na hau tasi.
Kowane rami muka faɗa sai marafan su yi kara,
direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kuɗi ne?"
Na ce, bashi ne.